Gari, Dawa ko Dandali: Ina Fim ɗin Zamiyar Ƙanƙara Ya Fi Rai?

Duk shekara, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, kafin dusar ƙanƙara ta rufe duwatsun Amurka da Kanada da Turai, kamfanonin da suka shafe hunturun bara suna bin 'yan wasan zamiya da kyamara sukan fito da finafinansu, su bi gari-gari suna nunawa a gidajen sinima da zaurukan jami'o'i. Warren Miller na cikin waɗanda suka kafa wannan al'ada. Daga 1950 ya riƙa yawo da fim ɗinsa, yana tsayawa gefen majigi yana ba da labarin da bakinsa. Finafinan ba su da jarumi da jaruma, ba su da wani labari da ake bi daga farko zuwa ƙarshe. Kashi-kashi ne, kowane ɗan wasa da nasa minti 3 ko 4, da kiɗan da aka ɗora masa. Da an fito daga kallo kuma sai gardama ta kaure, gardamar da ta haura shekara 20 ba ta kwanta ba: wane kashi ne ya fi, wanda aka ɗauka a cikin gari, ko na dawa, ko na dandali?

Ga wanda bai saba da wasan ba, mutum ne ke ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafafunsa ya sulalo daga tudu a kan ƙanƙara. Reshen da muke magana a kansa ba na tsere ba ne, na gwaninta ne: tsalle, alkafura, juyin katantanwa a iska, da hawa kan ƙarfe a zame. Dandali shi ne filin da wurin shaƙatawa ya keɓe, ya sa katafila ta tara ƙanƙara ta gina tudun tsalle, aka jera ƙarafa da akwatuna, wani lokaci har da dogon kwari mai siffar rabin bututu wanda bangonsa ya kai ƙafa 22. Dawa ita ce duwatsun da babu mai kula da su, babu lilon hawa, babu shinge, babu ma'aikacin ceto a kusa. Gari kuwa gari ne kamar kowane: matakalar makaranta, ƙarfen dafawa na bakin gada, katangar wurin ajiye motoci, rufin wani tsohon sito.

Ba za a fahimci gardamar ba sai an san inda wasan ya samo asali, domin da tawaye ya fara. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar wasan ta duniya ta ɗaure masu gwaninta da dokoki, har ta hana su juyawa kai ƙasa a gasar sauka kan tudun-tudu. A daidai lokacin kuma masu hawa allo guda, wato abokan hamayyarsu, sun samu dandalinsu suna yin abin da suka ga dama, kuma wurare da yawa ba sa barin mai katakai biyu ya shiga. Sai wasu samarin Kanada, irin su JP Auclair da JF Cusson da Vincent Dorion, tare da kocinsu Mike Douglas, suka fara kutsawa cikin wannan dandali suna kwaikwayon salon. Douglas ya shawo kan kamfanin Salomon ya ƙera musu katako mai lanƙwasa gaba da baya, wanda zai ba mutum damar tashi ko sauka da baya. A 1998 aka fito da shi da sunan 1080. A farko kaset ɗin bidiyo ne ya zama babban filinsu. Finafinan kamfanin Poor Boyz na Johnny DeCesare, sannan na Level 1 da Josh Berman ya kafa a 1999, su suka yaɗa salon zuwa ga yaran da ba su taɓa ganin waɗannan samari ido da ido ba. Shi ya sa har yau, a wurin masu wannan wasa, kashin da mutum ya fitar a fim ya fi lambar zinare nauyi.

Dandali shi ne makaranta, kuma babu mai musun haka. A nan ake koyon komai, domin tudun tsallen yau shi ne na gobe, gangaren sauka a gyare yake, idan ka faɗi ka hau lilo ka dawo cikin minti kaɗan ka sake. Kusan duk wani sabon juyi a can aka haife shi. A farkon shekarun 2000 kashin dandali ne ke tayar da 'yan kallo tsaye, musamman wanda ake ɗauka a ƙarshen hunturu a Mammoth ko a Dutsen Hood, inda ake gina wa 'yan fim tudu na musamman a ɗauke su da faɗuwar rana. Amma abin da ya sa dandali ya yi kyau ga koyo shi ne ya rage masa daraja a fim. Tudun da ke Colorado da wanda ke Laax ta Switzerland kusan ɗaya ne a idon kyamara. Da juyin ya ƙaru daga sau 2 zuwa 3 zuwa 4 a tsalle guda, sai ya zama ko gwani ma sai an rage gudun hoton kafin ya ƙirga. Sannan gasa ta zo ta kwashe shi gaba ɗaya. A 2014 aka shigar da wasan dandali da na rabin bututu cikin gasar Olamfik ta hunturu a Sochi ta Rasha, inda Amurkawa uku, Joss Christensen da Gus Kenworthy da Nick Goepper, suka kwashe lambobin maza na dandali. A 2022 aka ƙara babban tsalle a Beijing, kusa da tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Shougang, inda Eileen Gu da Birk Ruud suka ci zinare. Yanzu sabon juyi a talabijin ake fara ganinsa, ko a wayar hannu awa ɗaya bayan an yi shi. Fim ɗin da zai jira wata 8 kafin ya fito ba shi da sabon abin da zai nuna daga dandali.

Dawa ta girmi dandali da gari a fim. Tun kafin katako mai lanƙwasa biyu, Greg Stump ya fitar da The Blizzard of Aahhh's a 1988, ya kai Scot Schmidt da Glen Plake da Mike Hattrup duwatsun Chamonix na Faransa. Daga baya kamfanonin Matchstick da Teton Gravity Research suka mayar da Alaska alƙiblarsu, suna hayar jirgi mai saukar ungulu daga garuruwan Valdez da Haines ya ajiye ɗan wasa a kan tsinin dutsen da da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu. Shane McConkey ya sauya wannan fanni da tunani ɗaya. Ya lura cewa ƙanƙara mai laushi da zurfi ta fi kama da ruwa, sai ya nemi a ƙera katako mai faɗi mai lanƙwasa sama kamar na masu zamiya a kan tafki. A 2002 kamfanin Volant ya fito da shi da sunan Spatula. Daga nan mutum ya samu damar yawo a saman ƙanƙarar maimakon nutsewa, kuma yaran da suka taso a dandali suka ga cewa juyin da suka koya zai yiwu a dawa. Sai suka riƙa shiga da baburan ƙanƙara da shebur, su yini suna gina tudu da hannu, su yi tsalle su sauka cikin ƙanƙarar da babu wanda ya taɓa taka ta. Fim ɗin Idea na 2007, wanda Eric Pollard da Pep Fujas da Andy Mahre suka yi, ya nuna wannan salo cikin natsuwa, babu hayaniya, kuma ya yi tasiri ƙwarai.

Kyawun hoton dawa ba ya buƙatar mai kare shi. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne dama ɗaya tak ake samu. Da zarar katako ya ja layi a fuskar dutsen, shi ke nan, sai wata ƙanƙarar ta sake sauka. Ɗan wasa yakan ɗauki hoton dutsen daga ƙasa ko daga jirgi ya haddace hanyarsa, domin idan ya tsaya a sama ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ga saukowar Cody Townsend ta cikin wani matsattsen tsagin dutse a duwatsun Tordrillo na Alaska, a fim ɗin Days of My Youth na 2014, ya san cewa akwai abin da gari ba zai taɓa bayarwa ba.

Sai dai dawa tana da matsala biyu a fim, kuma duka biyun manya ne. Ta farko kuɗi. Hayar jirgi da awa ake biya, ga ladan jagora, ga makonnin da ake zaune a masauki ana jiran hadari ya waye. Wanda zai kai Alaska sai wanda babban kamfani ya ɗauki nauyinsa, saboda haka fuskokin da ake gani ba sa cika sauyawa. Ta biyu kuma ta ido ce. Kyamarar da ke cikin jirgi ko a dutsen da ke fuskantar wancan tana mayar da mutum ɗigon baƙi a kan farin allo. Tsayin gangaren yakan ɓace a hoto, abin da ke tsaye kamar bango ya koma kamar shimfiɗa. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wurin zai ji gabansa ya faɗi. Sauran jama'a kuwa kyau kawai suke gani, kuma bayan dutse na biyar sai ido ya gaji.

A nan ne gari ya sha gaban su duka. Kowa ya san matakala. Kowa ya taɓa dafa ƙarfen bene, ya san sanyinsa da taurinsa, ya san abin da siminti ke yi wa gwiwa. Mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, idan ya ga yaro ya hau ƙarfen matakala mai hawa 30 ya zame har ƙasa, ko ya diro daga rufin bene, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ma'aunin yana jikinsa. Salon ɗaukar hoton ma daga masu katako mai taya aka aro shi: kyamara a kusa, a ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar ƙarfe da nishin ɗan wasa.

Aikin da ke bayan irin wannan kashi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da ɗan kallo bai cika sani ba. Samari 4 ko 5 ne a mota ɗaya, suna bibiyar hasashen yanayi, da sun ji ƙanƙara ta sauka a Quebec ko Minneapolis ko Helsinki sai su kama hanya. Tun da rani wasunsu suke yawo suna duba wurare suna ajiyewa a rai. Idan sun isa, sai a yi awoyi ana kwasar ƙanƙara da shebur, a gina wurin tashi, a shimfiɗa wurin sauka, wani lokaci a ɗebo ta daga wata unguwa saboda ta wurin ba ta isa ba. Gari ba shi da gangare a inda ake so, saboda haka gudu sai an ƙirƙiro shi: ko a kafa ɗan dandamalin katako a sulalo daga kai, ko a ja doguwar roba a saki, ko a kunna injin da ke naɗe igiya ya fizgo mutum, ko a ja shi da mota. Sau da yawa da dare ake yi, da janareta da fitilu, lokacin da makaranta ta tashi kuma masu gadi sun ragu. Ɗan wasa zai iya gwadawa sau da dama, yana faɗuwa a kan matakala yana tashi, domin daƙiƙa 5 na hoto. Kuma a kowane lokaci ɗan sanda ko mai gida na iya zuwa ya ce a tattara a tafi, aikin yini guda ya tashi a banza. Kamfanin Stept, na su Nick Martini da Cam Riley, ya gina sunansa a kan nuna wannan wahala ba tare da ado ba. A The Eighty Six na 2012 da Mutiny na 2013 ana ganin faɗuwa da rauni da gajiya daidai yadda ake ganin nasara.

Masu sukar wasan gari suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce wannan ba zamiya ba ce, domin mutum bai yi tafiyar mita 50 a kan ƙanƙara ba, bai yi kwana ko ɗaya ba, ƙarfe kawai ya hau ya sauka. Sukan ce bayan ƙarfe na ashirin duk sun zama ɗaya, kamar yadda duwatsun Alaska suke zama ɗaya. Akwai kuma haƙƙin mutane: gefen katakon ƙarfe ne, yana kankare fenti, yana ɓantare siminti, kuma ba kowace ƙungiya ce ke gyara wurin ta kwashe tarin ƙanƙarar da ta bari a bakin ƙofar mutane ba. Wannan laifi ne, ba gwaninta ba, kuma fim ɗin da ya mayar da faɗa da mai gadi abin alfahari ya rage wa kansa daraja.

Amsar wannan suka ba a baki aka ba da ita ba, a fim aka ba da ita. A 2011 kamfanin Sherpas Cinema ya fitar da All.I.Can, kuma a cikinsa akwai kashin JP Auclair da aka ɗauka a garuruwan Trail da Rossland da Nelson na lardin British Columbia. Babu rana, babu farar ƙanƙara, sai sararin sama mai toka-toka da ƙanƙarar gefen titi da ta yi datti. Auclair ya taso daga saman gari yana gangarowa, ya ratsa bayan gidaje, ya tsallake motoci, ya bi matakala, ya ƙetare kwalta tsirara har katakansa suna fitar da tartsatsin wuta, daga ƙarshe ya shiga motar bas. An haɗa hoton ne kamar tafiya ɗaya ba yankewa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tunanin dawa, wato karanta ƙasa da zaɓen hanya daga sama har ƙasa, ya shimfiɗa shi a kan gari. Babu juyin da ya fi ƙarfin gwanayen lokacin a ciki, amma kashin ya kai ga miliyoyin mutanen da ba ruwansu da wasan. A ganina har yau babu minti 5 da suka fi waɗannan a duk tarihin finafinan nan. Daga bayansa ƙofa ta buɗe: 'yan Real Skifi na Finlan da 'yan The Bunch na Suwidin suka riƙa wasa da bishiya da benci da tudun yashi da duk abin da ido ya gani, sannan Tom Wallisch ya koma Nelson a 2017 ya yi Imagination don tunawa da Auclair.

Tunawa, domin Auclair ya rasu ranar 29 ga Satumba 2014, shi da wani ɗan wasan mai suna Andreas Fransson, lokacin da ƙanƙara ta zaftaro musu a dutsen San Lorenzo da ke iyakar Chile da Ajantina. Wannan ya kawo mu ga abin da gardamar ba ta cika taɓawa ba, wato farashin da ake biya. Gari yana karya ƙashi, yana tsinka jijiyar gwiwa, yana girgiza ƙwaƙwalwa, amma asibiti na kusa. Dawa tana da laushi a sauka, ita ce kuma ta fi kisa. Gangaren da ya fi daɗin zamiya, mai karkata tsakanin digiri 30 zuwa 45, shi ne wanda ƙanƙara ta fi zaftarewa a kansa, kuma wanda ta binne, idan ba a tono shi cikin kusan minti 15 ba, damar rayuwarsa takan faɗi warwas. McConkey ya rasu a 2009 a duwatsun Dolomite na Italiya ana cikin ɗaukar fim. Dandalin ma da ake ganin ya fi aminci bai tsira ba: Sarah Burke, wadda ta yi ta fafutuka har aka shigar da rabin bututu cikin Olamfik, ta rasu a Janairun 2012 bayan faɗuwa a wurin atisaye a Park City, shekara 2 kafin gasar da ta yi wa hanya. Abin da ke damuna shi ne finafinan dawa sun fi ɓoye wannan. Ana nuna saukowa, ba a nuna jagoran da ya haƙa rami ya duba ƙanƙara, ko na'urar nemo wanda aka binne da ke ɗaure a ƙirjin kowa, ko ranakun da aka duba dutsen aka ce a'a aka koma gida. Yaron da ya kalla ya ɗauki katakansa ya tsallake shinge bai ga wannan rabin ba.

Su kansu 'yan wasan ba su ɗauki bangon da ke tsakanin wuraren uku da tsayi kamar yadda 'yan kallo suke ɗauka ba. Yawancinsu a dandali suke tasowa, su yi ƙuruciyarsu a gari lokacin da jiki ke jure duka kuma aljihu ba shi da nauyi, sannan su koma dawa idan gwiwa ta fara ƙorafi kuma masu ɗaukar nauyi sun samu. Sammy Carlson ya ci zinaren dandali a gasar X Games ta 2011, daga baya ya bar gasa ya tare a dawa. Candide Thovex na Faransa ya karya baya a wani babban tsalle a La Clusaz a 2007, ya dawo ya lashe gasar duniya ta sauka daga manyan duwatsu a 2010, sannan ya fitar da jerin One of Those Days daga 2013, inda da kyamara a kansa yake ratsa dandali da daji da rufin gidaje da tsakiyar ƙauye a sauka ɗaya.

Shi kansa dogon fim ɗin shekara-shekara yana ja da baya. Level 1 ya rufe nasa jerin da Romance a 2019 bayan finafinai 20, Stept ya koma yin tallace-tallace, kuma yawancin abin da ake kallo yanzu gajeru ne a YouTube da Instagram. X Games ta buɗe gasar bidiyon gari mai suna Real Ski a 2016, daƙiƙa 90 ga kowane ɗan wasa, Will Wesson ya ci ta farko, Phil Casabon ya ci 2018 da 2019. Wannan sauyi bai taɓa wuraren uku daidai ba. Dawa tana buƙatar babban allo da babban kasafi, dandali ya zama na alƙalan gasa, gari kuwa shebur da kyamara da abokai yake nema, kuma waɗannan ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Shi ya sa sababbin fuskoki da sababbin dabaru daga can suka fi fitowa.

Ba na fatan ranar da za a daina ɗaukar dawa, domin fim ɗin zamiya da babu dutse a cikinsa ya yanke jijiyarsa. Abin da nake nema daga masu yin sa shi ne su nuna shirin da tsoron da ja da bayan, ba saukowar kaɗai ba. Amma idan aka ce in zaɓi inda wannan fanni ya fi rai a yau, inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga kuma ɗan kallo zai iya auna abin da ya gani da jikinsa, gari zan zaɓa. Mai son ya gwada wannan hukunci ya nemi kashin Auclair na All.I.Can da saukowar Townsend ta Days of My Youth, ya kalle su a jere, sannan ya yanke nasa.